Me ya sa sabuwar bindigar farauta ba ta kai ta dā ƙarko?

Tambaya daga Daura: "Baba, ina gaisuwa. Mahaifinmu ya bar mana bindigar farauta mai baki ɗaya ƙirar Ingila, ta haura shekara 50 tana aiki, har yau ba ta ba mu kunya ba. Ni kuma 'yan shekarun baya na sayi sabuwa mai baki biyu da lasisina. Damina ɗaya ta yi tsatsa. Kwanson harsashi yana maƙalewa bayan harbi sai na zungure shi da sanda. Maratayin da na saya tare da ita ya tsinke. Kwanan nan kuma na ja kunama ɗaya, baki biyun suka tashi tare. Rashin sa'a na yi, ko kayan yanzu ne haka?"

Ɗana, ina amsawa, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kafin mu je ko'ina, ka cire harsashi daga sabuwar bindigar nan, ka raba ta biyu, ka kulle ta. A cikin abubuwa huɗun da ka lissafa, uku ɓacin rai ne kawai, na huɗun kuwa yana kisa. Abin da ke riƙe hamar bindiga bayan an ɗana ta ɗan tsini ne na ƙarfe da ya kama wani ɗan gurbi wanda zurfinsa bai wuce kaurin farce ba. In an gyara fuskar tsinin daidai, an kuma gasa ƙarfen ya yi tauri, zai shekara 50 yana riƙo. In ƙarfen mai laushi ne, kowace harbi tana ɗan cinye gefensa, har ranar da girgizar baki na farko za ta kuɓutar da na biyu. Bindigar da ta kai wannan mataki tana iya tashi in ka rufe ta da ƙarfi, ko in gindinta ya bugi ƙasa kana sauka daga babur. Na yi shekara 30 da ɗoriya ina kula da ma'ajiyar makamai kafin in yi ritaya in dawo gida Katsina, kuma ban taɓa ganin wannan cuta ta warke da zuba mai ba. Sai an buɗe, an canza abin da ya cinye, a hannun wanda hukuma ta ba izinin gyaran makami. Kada ka kai wa mai walda.

To, yanzu tambayarka. Ba rashin sa'a ka yi ba, amma kuma kada ka ɗauka duk abin da aka ƙera a dā nagari ne. Bindigar mahaifinka tana cikin waɗanda suka tsira. Tsararrakinta marasa kyau sun fashe ko sun ruɓe tun zamanin En'e, an sayar wa maƙera ƙarfensu an yi lauje. Mu da muka zo daga baya sai muke ganin nagartattun kaɗai, mu ce ai dā ba a yin jabu. Ana yi. Ƙarfen yau ma, in gaskiya za a faɗa, ya fi na wancan lokaci tsabta, injin da kwamfuta ke sarrafawa kuma yana yanka daidai fiye da hannun kowane gwani. Abin da aka cire daga masana'anta mutum ne: wanda ke zaune a ƙarshen layi da magagari da fitila, yana haɗa kowace bindiga da hannunsa, yana da ikon ya ce wannan ba za ta fita ba. Shi ne ya fi kowa tsada a gidan, don haka shi ake fara sallama in an zo rage kashe kuɗi.

Wannan ba sabon labari ba ne. Kamfanin Winchester na Amurka ya fara ƙera Model 12 a 1912, bindigar da ake sassaƙa kowane sashe nata daga dunƙulen ƙarfe, a haɗa da hannu. Ya ƙera kusan miliyan 2, amma a 1964 ya janye ta daga layi saboda kuɗin ƙera ta ya fi ƙarfin kasuwa. Wadda ta kore ta ita ce Remington 870 da ta fito a 1950, mai sauƙin haɗawa da araha, kuma ba a ce ba ta da kyau ba. An ƙera fiye da miliyan 11. Sai ita ma abin ya zagayo kanta. A 1987 aka fito da nau'inta mai rahusa, 870 Express, wanda ba a goge jikinsa ya yi sheƙi kamar na asali. A 2007 wani kamfanin zuba jari, Cerberus, ya sayi kamfanin Remington mai ƙera ta. Daga nan masu bindiga suka yi ta kuka da abubuwa biyu da kai ma ka ambata: saurin tsatsa da maƙalewar kwanso. A 2014 Remington da kansa ya yi kira a dawo masa da wata bindigarsa, Model 887, saboda allurarta mai dukan gindin harsashi tana iya maƙalewa a gaba ta tayar da harsashi ba a taɓa kunama ba. Ya shiga fatara a 2018, ya sake shiga a 2020, a 2024 kuma aka rufe tsohuwar masana'antarsa ta garin Ilion a jihar New York, yankin da aka kafa shi tun 1816. Winchester ma a 2015 ya yi kiranyen wasu daga cikin bindigoginsa na SXP, waɗanda ake ƙera masa a Turkiyya, don suna iya tashi yayin da ake rufe su.

Ka lura da wani abu a waɗannan labarai. A can, in bindiga ta fito da aibi, akwai lambarta a rajista, akwai dillali, akwai kotu, kamfani yana tsoron diyya, sai ya yi shela a dawo da ita ya gyara kyauta. Kai wa za ka mayar wa a Daura? A nan gizo ke saƙar. Masana'antun yanzu da yawa sun yi lissafi sun ga ya fi musu araha su duba ɗaya cikin tari su saki sauran, wadda ta ba da matsala mai ita ya dawo da ita. Wato sun mayar da mai saye shi ne sufeton ƙarshe. Lissafin yana tafiya a ƙasar da hanyar dawowa take buɗe. A wurinmu hanyar ɗaya ce, shigowa kawai.

Yawancin sabbin bindigogin farauta masu araha a duniya yau daga Turkiyya suke fitowa, da yawa daga ƙauyukan Huğlu da Üzümlü na lardin Konya, inda ƙirar bindiga ta zama sana'ar gado kamar yadda ƙira take a wasu unguwanninmu. Mutanenmu sun ɗauki al'adar cewa "ai 'yar Turkiyya ce" da nufin raini, ni kuwa ban yarda da wannan ba. Na riƙe 'yan Turkiyya da ba zan ji kunyar ajiye su kusa da na Italiya ba. Masana'anta ɗaya tana iya ƙera wa babban kamfanin Turai kaya mai kyau da safe, saboda ya turo mutanensa suna aunawa suna mayar da abin da bai yi ba, da yamma ta ƙera wa ɗan kasuwar da ya ce shi dai a rage masa farashi, a buga masa duk sunan da yake so a jiki. Siffa ɗaya, fenti ɗaya, ciki daban. Wanda ya yi oda shi ke yanke ingancin, kuma mai kawo kaya kasuwar da ba a dawo da kaya ba shi da dalilin biyan kuɗin dubawa. Ka tuna 2017, lokacin da kwastan suka kama bindigogi fam-akshan (masu ɗura harsashi da jan katakon gaba) 2,671 a Legas a kamu huɗu, mafi yawansu daga Turkiyya, an ɓoye su cikin wasu kaya. Wanda ya ɓoye bindiga a bayan ƙofofin ƙarfe da kwanon wanke hannu ba zai ba ka takardar garanti ba. (Tun da maganar ta zo: Dokar Makamai ta 1959 ta fitar da bindigar farauta mai sarrafa kanta da mai na'urar ɗura harsashi daga rukunin da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi. Samarinmu da ke sha'awar fam-akshan su san wannan.)

Akwai abu ɗaya da bindigar mahaifinka take da shi wanda nake kyautata zaton taka ba ta da shi. Ka cire katakon gaba, ka raba bututun da jiki, ka duba ƙarƙashinsa kusa da inda harsashi ke zama. Za ka ga ƙananan tambura da aka buga a ƙarfen, da kambin sarauta da haruffa. Wannan shaidar gidan gwaji ce. A Ingila doka ta hana sayar da bindigar da ba ta bi ta gidan gwaji ba. Na Landan yana nan tun 1637, na Birmingham tun 1813. Gidan ba na masana'anta ba ne. Ana kai kowace bindiga, ɗaya bayan ɗaya, a harba mata harsashin da aka ƙara wa ƙarfi da gangan, sannan a auna a ga ko ta kumbura ko ta tsage. Ƙasashe 14 suna cikin yarjejeniyar da ake kira CIP, har da Italiya, Sifen, Beljiyam, Jamus, Faransa da Rasha. A ƙa'idarsu, harsashi lamba 12 (lambar tana nuna faɗin bututu) mai tsawon milimita 70 matsinsa ba ya wuce 740 a ma'aunin matsi na "bar", gwajin kuwa ana yin sa a kan 930. Amurka ba ta ciki, tana da nata ma'aunin na SAAMI wanda kamfanoni ke bi don ganin dama. Turkiyya ma ba ta ciki. Shi ya sa 'yar Turkiyyar da aka sayar a Ingila za ka same ta da tambarin Birmingham ko Landan, don sai da aka gwada ta a can, 'yar uwarta da ta zo mana kai tsaye kuwa babu wani na waje da ya shaide ta. Tsofaffin bindigogin Baikal na Rasha kuwa, masu baki ɗaya da mafarautanmu suka sani, suna da muni a ido, katakonsu kamar na turmi, amma sukan binne mai su.

Mu dawo kan kwanson da ke maƙale maka, don a nan laifin na mutum biyu ne. Mazaunin harsashi a cikin bututu ana huda shi ne da wuƙar inji, wuƙar kuma tana dakushewa. Masana'anta mai kula tana canza ta da wuri, ta kuma goge wurin ya yi santsi kamar cikin kwalba. Mai gaggawa yakan bar ta ta yi ta yanka, sai ta bar zobe-zobe a bango. Haska tocila ka duba, za ka gan su kamar sawun tsintsiya a rairayi. Ɗaya ɓangaren kuma harsashin ne. Gindin nan mai ruwan tagulla da kake gani, a yawancin harsasan yanzu baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Kanga masa maganaɗisu ka gani. Tagullar gaske in ta buɗe da zafin harbi takan ɗan koma, ƙarfe kuwa in ya buɗe ya buɗe ke nan. Ya haɗu da bango mai kaushi, ga 'yar tsatsar damina, sai ya cije. Ƙugiyar da ke zaro kwanson kuma a bindigogi masu araha galibi ba sassaƙa ta ake yi ba, garin ƙarfe ake cuɗawa a zuba a mazubi a gasa. Hanyar ba ta da laifi in an kula da wuta, amma in an yi sakaci sai bakin ƙugiyar ya guntule. Gyaran wannan mai sauƙi ne a wurin gwani, gogewa ce kawai. Abin da ba na so shi ne ka naɗa sanfefa a sanda ka shiga yi da kanka. In ka faɗaɗa wurin, babu mai mayar da ƙarfen da ka ci.

Tun da muna kan harsashi, ga wani kuskure mai haɗari. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa mazauninsu milimita 65 ne, na yanzu 70 ko 76. Tsawon da ake rubutawa a kwali tsawon kwanso ne bayan ya buɗe. Saboda haka harsashi mai 70 zai shige cikin mai 65 lafiya lau, mai 76 zai shige cikin mai 70, bindiga ta rufe kamar ba komai, sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, matsi ya hau. Ka duba abin da aka buga a bututun ta mahaifinka kafin ka sake sa mata harsashin zamani. Kuma duk ranar da ka ja kunama ka ji ƙarar ta fito a shaƙe, kamar an doki buhun dusa, kada ka sake ɗurawa sai ka karya bindigar ka leƙa bututun. Robar da ke tura ƙwayoyin darma takan tsaya a tsakiya in albarushin ya yi kaɗan ko ya sha danshi, harbi na gaba shi ke tsaga bututu. Ana samun haka a harsasan da aka sake ɗurawa aka sayar da sunan sababbi, da waɗanda suka kwana cikin but ɗin mota a zafin Afrilu.

Tsatsa ba zan daɗe a kanta ba. Baƙin jikin bindigar dā ana yin sa ne a kan ƙarfen da aka goge sumul, ruwa ba ya samun wurin zama. Na masu araha ana fesa wa ƙarfen yashi ya yi kaushi don a ɓoye sawun inji, sannan a tsoma shi a ruwan da ke baƙanta shi. Kaushin nan yana riƙe gumin hannu da ƙurar hunturu. Maganinsa shafa mai bayan kowace fita. Man keken ɗinki ya wadatar. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama ƙaro a cikin inji, baƙin man mota kuma datti ne.

Mai baki biyu tana da wani aibin da mai baki ɗaya ba ta da shi, kuma mutane kan shekara suna zargin idonsu a kai. Bututun biyu dole a liƙa su ta yadda harbinsu zai haɗu a wuri ɗaya a tazarar kamar mita 35. Aiki ne na haƙuri, shi ne ma ya sa mai baki biyu ta gaske take da tsada, shi ne kuma abin da ake fara yi wa ha'inci. Wani mafarauci daga wajen Dutsin-ma ya taɓa kawo mini tasa yana cewa an yi masa asiri, bakin dama yana kashe zabo, na hagu ko kurciya a kan reshe ba ya samu. Muka kafa babban kwali a fili, muka yi alama a tsakiya, ya harba kowane baki a nasa kwalin. Na hagun ya zubar da ƙwayoyinsa kusan kamu biyu gefe. Babu boka a ciki, tun daga masana'anta aka liƙa shi a karkace. Bayan an gyara maka kunama, kai ma ka yi wannan gwaji. Sannan ka rataye bututun da igiya ka ɗan ƙwanƙwasa shi da farce ko ɗan ƙarfe: in liƙin lafiya yake zai yi amo kamar ƙararrawa, in ya saki sai ka ji kamar fasasshen kwano. Ka kuma cire katakon gaba, ka riƙe gindin ka girgiza. In ka ji bututun yana motsi a jiki, ta fara sakin baki.

Kayan haɗi kuwa, a nan ne abin ya fi lalacewa, don bindiga ko ba komai tana da lamba, su kuwa ko sunan mai ƙera su babu. Maratayinka na tabbata ba a fatar ya tsinke ba, a ƙarfen da ke haɗa shi da bindiga ne. Ana zuba su ne da ƙarfe mai gautsi irin na hannun ƙofar kabad, a fesa musu baƙin fenti. Ka auna da ranka: bindiga ɗure a kafaɗa, ƙarfe ya ɓalle, gindi ya doki ƙasa, ga kunama mai laushi. Ni dai na gwammace in kai wa dukawa su ɗinka mini na fata biyu a haɗe, in nemi zoben ƙarfe na gaske in sa. Abu na biyu shi ne 'yan bututun da ake murzawa a bakin bindiga don matse harbi ko buɗe shi, waɗanda ake kira cok. Kowane kamfani da irin zarensa, kuma akwai masu kama da juna da za su shiga amma ba su zauna daidai ba. In gindin cok bai kwanta a gurbinsa ba, ko ya kwance da harbi, sai gefensa ya leƙo cikin hanyar ƙwayoyi. Harbi ɗaya ya isa ya tafi da shi ko ya kumbura bakin. Bindiga a karye, babu harsashi, ka murza shi ka ji ya tsaya, ka leƙa ta baya ka ga babu gefen da ya fito, kuma ka riƙa dubawa in kana daji. Madubin saiti na jabu da ake tallatawa a Facebook ɗauke da sunayen manyan kamfanoni an yi su ne don bindigar wasa mai harba ƙwallon roba. Dukan lamba 12 yana wargaza cikinsu kafin ka gama kwali ɗaya, kuma mai harbin fakara a sama ba ya buƙatarsu tun farko.

Da ni ne kai, in gwani ya buɗe sabuwar ya ce ƙarfen cikinta gaba ɗaya mai laushi ne, ba zan zuba kuɗi a kanta ba, don yau ka canza wannan gobe wancan ya cinye. Sai in bi ta ofishin 'yan sanda a soke ta daga lasisina yadda doka ta tanada, kada in sayar wa wani bawan Allah ita da cutarta. In kuwa tsinin nan kaɗai ne ya gaza, a canza shi, a goge mazaunin harsashi, za ta yi maka shekaru. Ta mahaifinka kuma a gyara takardunta su koma sunanka, a auna kaurin bangon bututunta, don tsatsar ciki takan ci ƙarfe ba a sani ba, a nemo mata harsashi daidai tsawonta. In za ka shigo Katsina kafin farautar rani, ka ɗauko hoton tamburan da ke ƙarƙashin bututun duka biyun a wayarka, in karanta maka su. Bindigogin ka bar su a gida.